Labarin Gidanmu: Zaman Iyalin Katolika a Birnin Kano

Ni Bahaushiya ce gaba da baya, haifaffiyar wani ƙauye a ƙasar Sumaila da ke kudancin jihar Kano, kuma 'yar ɗariƙar Katolika tun daga ƙuruciyata. Na koyar a makarantar firamare a cikin birni har na yi ritaya, na yi aure a nan, na haifi 'ya'yana a nan, yanzu ga jikoki suna tasowa. Matan Zumuntarmu, ƙungiyar matan cocinmu, ne suka matsa mini in rubuta wannan shaida saboda 'yan matanmu masu shirin aure, ni kuma na amince domin na ga mutane da yawa, har a cikin Kano, ba su san akwai Hausawa irinmu ba, balle su san yadda muke tafiyar da gidajenmu.

Iyayenmu Maguzawa ne, manoman dawa da gero da gyaɗa, masu bin al'adun kakanni. A lokacin da nake ƙarama Kano ba ta da bishop nata, tana ƙarƙashin Kaduna ne, zamanin Akbishop Peter Jatau, saboda haka Fada, wato limamin coci, ba ya samun zuwa ƙauyenmu sai jefi-jefi, a kan babur, idan damina ba ta yanke hanya ba. Sauran ranakun Lahadi katikis ne yake tara mu a wani ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa, ya buga tsohon ƙarfen mota da aka rataye a bishiyar maina, ya karanta mana Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya koya mana addu'o'i baki da baki har su zauna.

Mahaifina yana cikin mutanen farko da wa'azin ya shiga zuciyarsu, amma kuma shi ne ya fi kowa daɗewa bai samu baftisma ba, domin matansa biyu ne, mahaifiyata wadda muke kira Inna, da amaryarta wadda muke kira Iya. Koyarwar Ikilisiya a kan aure ba ta da lauje cikin naɗi: namiji ɗaya, mace ɗaya, har mutuwa. Fada ya faɗa masa haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba, Baba kuma ya amsa masa da cewa Iya ba ta yi masa laifin komai ba, ta haifa masa 'ya'ya, iyayenta sun riga mu gidan gaskiya, ba zai iya kallon idonta ya ce ta tattara kayanta ba. Aka yi mana baftisma mu yara, aka yi wa Inna kasancewarta uwargida, shi da Iya suka zauna a matsayin masu koyo shekara da shekaru. Idan Fada ya zo yin Misa, Baba yakan zauna can baya kusa da ƙofa, hularsa a kan gwiwa, ya kalli 'ya'yan cikinsa suna tashi zuwa karɓar Jibi, wato Jikin Almasihu da ake bai wa masu baftisma, shi kuwa yana zaune, alhali duk ɗakin babu wanda ya kai shi sanin katikisim. Na girma ina jin zafin wannan abu, kuma har yau ban ga laifin Fada ba, ban ga laifin Baba ba. Fada ya riƙe abin da aka damƙa masa, bai sassauta don neman yawan mabiya ba. Baba kuma ya ƙi sayen baftismarsa da hawayen matar da ta amince da shi.

A watan Fabrairun 1982, da Paparoma John Paul na Biyu ya zo Kaduna, Baba ya sayar da ɗan akuya ya bi katikis da wasu mutanenmu a bayan babbar mota. Ya dawo da ƙura har cikin gashin ido, muryarsa ta dushe, da wani carbi mai baƙaƙen 'ya'ya a aljihu. Daga wannan daren ya kafa doka a gidansa: idan an gama cin tuwo, kafin kowa ya shiga ɗaki, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a yi addu'ar carbi. Ina iya tuna babban yatsansa, wanda fartanya ta sa ya yi kanta har ya tsage, yana tura 'ya'yan carbin ɗaya bayan ɗaya a hasken aci-balbal, yana cewa "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri, Ubangiji yana tare da ke," mu kuma muna amsawa, Inna a damansa, Iya a hagunsa. Mutumin da ba a yi wa baftisma ba shi ne ya koya wa gida guda addu'a.

Ƙofar da ya daɗe yana jira ta buɗe ne ta hanyar da babu wanda ya so. Inna ta kwanta ciwo ina kwalejin horar da malamai, Iya ce ta yi jinyarta har ta cika. Bayan an share makoki, Fada ya yi wa Baba da Iya baftisma, ya ɗaura musu aure a coci a rana guda. Na tsaya a wurin ina kuka iri biyu, na rashin uwa da na ganin mahaifina ya miƙa hannu ya karɓi Jikin Almasihu karo na farko da furfura a gemunsa.

Da wannan tarihi na shiga gidan aure. Maigidana kafinta ne, mutumin ƙasar Rogo, shi ma ɗan Katolika, ya zo birni koyon sana'a ya zauna. An yi mana komai bisa al'ada, daga gaisuwar iyaye zuwa sadaki da lefe, sannan muka yi karatun shirin aure wurin katikis, aka yi kiran sunayenmu a coci Lahadi uku a jere ko akwai mai magana, kafin muka tsaya a gaban bagade muka yi alkawarin zama tare cikin samu da rashi, cikin lafiya da ciwo, har mutuwa ta raba mu. Da za a kai ni, Baba bai yi mini dogon wa'azi ba. Ya ce da angon, "Ɗana, abin da na sha wuya kafin in samu, kai an ba ka shi tun da ƙuruciyarka, ka riƙe shi da kyau." Ni kuma ya ce kada in bar tabarmar addu'a ta yi ƙura.

Muka kama ɗaki ciki da falo a Badawa, a gidan haya mai mutane kala-kala. Ina da ɗanyen goyon 'yar fari a watan Oktoban 1991 lokacin da rikici ya ɓarke saboda zuwan mai wa'azin nan ɗan Jamus, Reinhard Bonnke. Maigida yana wurin aiki, hanya ta toshe. Maƙwabciyarmu Musulma, wadda har gobe nake kira Hajiya, ta shigo ta ɗauki jaririyar ta ce, "Malama, taso mu tafi ɗakina, duk wanda zai taɓa ki sai ya fara da ni." A ɗakinta muka kwana har ƙura ta lafa. A wannan shekarar ce aka cire Kano daga ƙarƙashin Kaduna, a 1999 kuma ta zama cikakkiyar dayosis mai haɗe da Kano da Jigawa, da Bishop Patrick Sheehan, mutumin ƙasar Ailan, a matsayin bishop na farko. Ikilisiyar Kano da gidanmu kusan tare suka girma.

Tsarin gidanmu ba shi da wani abin mamaki. Kiran sallar asuba daga masallacin unguwa shi ne yake tashe ni, in yi alamar gicciye da sunan Uba da na Ɗa da na Ruhu Mai Tsarki, in miƙa wa Allah yinin kafin in hura wuta. Ba a sa hannu a kwano sai an yi godiya. Da dare, ko akwai wutar lantarki ko babu, a shimfiɗa tabarma, kowace yarinya da 'ya'yan carbi goma da za ta ja, wadda ta fara gyangyaɗi a ce ta miƙe tsaye. Da Paparoma John Paul na Biyu ya ƙara asirai na haske cikin addu'ar carbi a 2002, maigida da kansa ya rubuta su da fensirin kafinta a jikin wani guntun katako ya rataye a bango don kada a manta. Yana da doka guda da ba ya ɗagawa: kome zafin faɗan da aka yi da rana, tsakanin yara ne ko tsakanina da shi, babu mai fashin tabarma. A nan ne na gane nauyin addu'ar Ubangiji, domin mutum ba zai iya zama gwiwa da gwiwa da wanda yake fushi da shi, ya buɗe baki ya ce "ka gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi," ya tashi zuciyarsa tana nan yadda take ba. Sau da yawa a kan tabarmar nan rigima take mutuwa ba tare da an sake tayar da zancen ba, abin da ya yi nauyi kuma mu kai shi wurin furta zunubi ranar Asabar.

Jarrabawar aurenmu ta farko ta zo ne daga dangi. Allah ya ba mu 'ya'ya mata huɗu a jere, babu namiji. Dangin maigida, waɗanda wasunsu suna kan al'adar gargajiya wasu kuma sun musulunta, suka fara aiko da saƙo cewa gida ba ya tsayawa sai da magaji, har wani kawunsa ya yi tattaki daga ƙauye ya ce ya riga ya ga yarinyar da ta dace. Ina ɗaki ina jin su. Maigida ya bari ya gama, ya ce, "Kawu, na ji maganarka kuma na san don kana ƙaunata ka faɗa. Amma na yi rantsuwa a gaban Allah da mace ɗaya, kuma waɗannan yara huɗu Allah bai yi kuskuren ba ni su ba." Kawu ya tafi ransa a ɓace, surukata ta yi wata da watanni ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Ba zan ce abin bai ci mini rai ba, domin akwai daren da na yi ta kuka ina tambayar Allah dalili. Namijin bai zo ba har na daina haihuwa. Daga baya ƙanen maigida ya rasu, muka ɗauko ɗansa riƙo, ya tashi a hannunmu, shi ne ya gaji sana'ar. Surukata kuwa, da tsufa ya kama ta, a ɗakina ta ƙare kwanakinta, kuma waɗannan jikokin mata ne suka yi ta ɗawainiya da ita.

Ba zan yi maganar rayuwata in tsallake Zumuntar Matan Katolika ba. Wanda ya gan mu ranar Lahadi da zanenmu iri ɗaya, muna buga tulu muna kaɗa caki muna waƙa da Hausa, zai ɗauka aikin ke nan. Aikin yana cikin mako: adashi, kai wa mai jego itace da sabulu, kwana a asibiti da wadda ba ta da kowa, wanke gawa, sasanta ma'aurata kafin magana ta kai wurin Fada. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, mu kuwa da ƙafar muke yin ta. A cikinmu akwai matan kudancin Kaduna da Filato da Bauchi da Adamawa, Hausa ce ta haɗa mu, mu Hausawan asali kuwa ba mu da yawa. Wannan ƙarancin yana da nasa ciwo. A kasuwa a ji Hausata a ɗauka ni Musulma ce, a ga gicciye a wuyana a ce to daga wace ƙabila. A coci kuma wasu 'yan'uwa daga kudu su yi ta mamaki wai Bahaushe yana zama Kirista. Na taɓa kai ɗaya daga cikin 'ya'yana neman takardar shaidar asali a wani ofis, ma'aikacin ya dubi sunanta na baftisma ya ce mu je jiharmu mu nema, sai da na lissafa masa kakannina da sunan dagacinmu. Shi ya sa ranar da aka naɗa Fada Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katsina a watan Disambar 2023, na yi guɗa a tsakar gida kamar ɗan cikina aka naɗa. Na so a ce Baba yana raye ya ga Bahaushe da sandar bishop.

Shekarun da suka fi gwada mu su ne na hare-haren bama-bamai. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 da yamma gari ya girgiza, mutum fiye da 180 suka hallaka, mafi yawansu Musulmi, aka sa dokar hana fita. Ranar 29 ga Afrilu na shekarar aka buɗe wa masu ibada wuta a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, har da malaman jami'a a cikin waɗanda suka mutu. Ranar 27 ga Yulin 2014 kuma aka jefa bam a cocin St. Charles da ke Sabon Gari ana fitowa daga Misa, mutum biyar suka rasu, a lokacin ƙaramar Sallah, har masarauta ta soke hawan Sallah na shekarar. Zuwa coci ya koma sai an bincike mutum a bakin ƙofa, an hana mata shiga da jaka, motoci a ajiye su nesa. Iyalai da yawa da muka sani suka kwashe kayansu suka bar gari. Mu ma mun zauna mun yi shawara, maigida ya ce duk mai jin tsoro ya zauna a gida ranar Lahadi babu laifi a kansa, amma shi zai je, kuma ba shi da wata jihar da zai gudu zuwa, nan ce tasa. Haka muka ci gaba da zuwa, kowace Lahadi mu yi sallama da juna a ƙofar gida da gaske.

A cikin wannan hali ne yaron da muke riƙo, yana matashi jininsa na tafasa, ya daina furta layin gafara a addu'ar Ubangiji. Idan an zo wurin sai ya rufe bakinsa. Da maigida ya tambaye shi, ya ce, "Baba, ba zan yi wa Allah ƙarya ba, ban yafe musu ba." Na zaci zai sha faɗa. Maigida ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka yi gaskiya. Zauna a wurinka, mu za mu riƙa faɗa a madadinka har ranar da za ka iya." Bai sake yi masa maganar ba, bai kai ƙararsa wurin Fada ba. An daɗe ana haka, har wani dare cikin azumin kwana arba'in, bayan mun dawo daga Hanyar Gicciye, na ji muryarsa ta shigo cikin namu a daidai wurin. Babu wanda ya ɗaga kai ya dube shi. A ganina wannan shi ne aikin tarbiyya mafi girma da maigidana ya yi, domin da ya tilasta masa, da ya samu yaro mai furta abin da bai yarda da shi ba, irin wannan kuwa ba ya daɗewa a coci idan ya bar gaban iyayensa.

Sashen alkawarinmu da ya ce "cikin lafiya da ciwo" ya zo mana bayan annobar korona. Maigida ya faɗi a wurin aiki, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki na dama, magana ta ɗauke. 'Ya'yan Hajiya ne suka ɗauke shi zuwa asibiti kafin ma labari ya iso ni. Mun sayar da injin yankan katako da filin da muka daɗe muna tanadi, matan Zumunta suka ba ni kwasan adashi ba layina ba. Fada ya zo har gadon asibiti ya shafe shi da mai a goshi da tafin hannu, kuma ina so 'yan'uwa su daina ɗaukar wannan sakramenti a matsayin sallamar mai mutuwa, na marasa lafiya ne, a kira Fada tun da wuri. Da muka dawo gida na koyi yi wa babban mutum wanka, da juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, da ba shi kunu da cokali a hankali don kada ya shaƙe. Mutum ne mai kunya da son yi wa kansa komai, ranar farko da na wanke shi hawaye ne suka yi ta zuba ta gefen idonsa, na ce, "Maigida, ai wannan ma yana cikin abin da na amsa a gaban bagade."

Muka matsar da tabarma zuwa gefen gadonsa, na riƙa sa masa carbi a hannun hagu. Ba ya iya kiran sunan kowa, ko ruwa yake so sai dai ya nuna. Amma wata rana muna amsa rabin addu'ar na biyu, sai muka ji yana binmu da harshe mai nauyi: "Maryamu mai tsarki, Uwar Allah, ki yi addu'a domin mu masu zunubi." Mai yi masa gashin jiki ta ce an saba ganin haka, abin da mutum ya haddace ya maimaita shekaru da yawa yakan riga sauran magana dawowa. Na yarda da bayaninta, kuma na gode wa Allah da ya sa abin da ya fi maimaitawa a rayuwarsa addu'a ce. Yanzu yana takawa da sanda, yana magana a hankali, kuma duk Lahadin da bai samu zuwa coci ba ana kawo masa Jibi har gida.

A 2025 azuminmu ya haɗu da na maƙwabtanmu: sun ɗauki Ramadan a farkon Maris, mu kuma Larabar Toka ta kama 5 ga wata. Namu azumin bai kai nasu tsanani ba, cin abinci sau ɗaya a ƙoshi ranar Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, da barin nama kowace Juma'a, sai abin da mutum ya ɗora wa kansa, amma Hajiya ba ta fasa aiko mana da kunun tsamiya da ƙosai idan an sha ruwa ba. Mu ma tun da can, idan za mu yi yankan Kirsimeti ko Ista, ɗanta muke kira ya yanka domin kowa a gidan ya ci hankali kwance. Da Paparoma Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilu, washegarin Ista, ita ce ta fara shigowa ta ce, "Malama, na ji a rediyo babbanku ya rasu, sannunku da haƙuri." Da aka zaɓi Paparoma Leo na Sha Huɗu ranar 8 ga Mayu, murna ta yi yawa a cocinmu, domin ɗan ƙungiyar Agustinawa ne, ƙungiyar da bishop ɗinmu na yanzu, John Niyiring, da wanda ya gada duk suka fito. Ba mu taɓa zama da Hajiya muna gardamar addini ba. Ta san abin da na gaskata game da Yesu Almasihu, na san abin da ta gaskata, kowa yana yi wa ɗan'uwansa fatan alheri.

Yanzu hidimar auren autarmu ce a gabanmu. Yaron malamin asibiti ne daga kudancin Kaduna, sun gama karatun shirin aure. Da danginsa suka zo maganar kaya, wasu daga ɓangarenmu suka fara lissafin akwatuna, maigida ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce a rage, ba ya so yara su shiga gidansu da bashi a wuya saboda idon mutane, kuma na goyi bayansa ko da yake na san za a yi mana surutu. An yi kira na farko a coci ranar Lahadin da ta wuce, saura biyu. Ya nace shi zai raka 'yarsa daga ƙofar coci har gaban bagade da ƙafarsa, saboda haka kullum da yamma yaronmu yana riƙe shi suna gwada tafiyar a tsakar gida, an kuma yi magana da mai Adaidaita Sahun da zai kai shi ya dawo da shi. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan shaida ya sa shi a addu'a Allah ya ba ƙafar ƙarfi ranar, ya kuma sa yaran nan biyu a addu'a.